Fi'ilin da Ba Ya Ba da Shaida: Sharhi a kan Subhuntibo na Sifaniyanci

Sharhinmu na yau a kan wata mas'ala ce ta nahawu, kuma nahawun na Sifaniyanci ne, harshen da mutane wajen miliyan 500 suka buɗe baki da shi tun suna goye, wanda yake harshen hukuma a ƙasashe 20, daga Sifaniya zuwa Meksiko da Kolambiya da Ajantina, har da Gini Ikwatoriya da ke nan daura da gaɓar Najeriya da Kamaru, wanda kuma ɗalibai masu ɗimbin yawa suke karantawa yau a makarantun sakandare na Kamaru da Benin da Kwaddibuwa da Sanagal. Duk wanda ya shiga koyon wannan harshe, komai sauƙin da ya samu a watanninsa na farko, kuma lalle akwai sauƙi, tunda wasulansa biyar ne tak, kuma yadda aka rubuta kalma haka ake karanta ta, to, akwai ranar da malami zai buɗe wani babi ya ce an iso inda maza ke faɗuwa, babin da masu harshen suke rubutawa subjuntivo, ana furta shi subhuntibo, da ha mai kaushi irin ta Larabci a tsakiyarsa.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa yau shi ne, wannan tsoro gado ne da muka ci daga littattafan da aka wallafa don wasu mutane. Akasarin littattafan koyon Sifaniyanci da ke faɗowa hannun ɗalibi a Kano ko Kaduna an tsara su ne a Landan ko a Amurka, don masu Ingilishi, waɗanda harshensu ya zubar da wannan siga tun ƙarnuka da suka wuce, bai bar musu ba sai ɓurɓushi a cikin ƴan jumloli, don haka dole a jera musu dogon jerin kalmomi, a ce bayan wannan a sa kaza, bayan wancan a sa kaza, su haddace ba tare da kunnensu ya taɓa jin dalili ba. Bahaushe kuwa yana da sigar cikakkiya a bakinsa, yana amfani da ita tun daga gaisuwar asuba har sallamar dare. In kuwa ya taɓa zama a zaure ya karanta nahawu da balaga, to, yana da ita sau biyu.

Bari mu fara da sura, domin ita ce mai sauƙi. Fi'ilan Sifaniyanci aji uku ne gwargwadon ƙarshen masdarinsu: masu ƙarewa da ar, kamar hablar, yin magana, masu ƙarewa da er, kamar comer, cin abinci, da masu ƙarewa da ir, kamar vivir, rayuwa. In ana ba da labari, a sigar da suke kira indikatibo, sai a ce habla, come, vive, wato yana magana, yana ci, yana rayuwa. In an koma subhuntibo sai wasulan su yi musanya, mai a ya ɗauki e, mai e ya ɗauki a, a ce hable, coma, viva. Fi'ilan da ke da ƴar karkata ana ɗauko su ne daga sigar mai magana: tengo, ina da, ya ba da tenga, digo, ina faɗa, ya ba da diga, vengo, ina zuwa, ya ba da venga. Shazzai guda shida ne kaɗai suka fita daga wannan ƙiyasi, su ne sea, esté, vaya, haya, sepa da dé. Wannan duka sarfu ne, sarfu kuwa hadda ce, kuma yaron da ya haddace izu bai kamata fi'ili shida su hana shi barci ba. Wahalar tana ga sanin inda ake sa sigar da inda ake barinta.

To, ku saurari Hausarku. In na ce sun zo, labari na ba ku, kuna iya gaskata ni, kuna iya ƙaryata ni. In na ce ina so su zo, ko na ce a gaya musu su zo, ko na yi shara don su zo, ko mu gama kafin su zo, ko kada su zo, a duk waɗannan wurare ban ce kowa ya zo ba, kuma ba wanda zai iya ce mini ƙarya nake yi a kan zuwan, domin zuwan yana rataye ne a jikin so, ko umurni, ko manufa, ko hani. Wannan su da ta maye gurbin sun, da mu da ta maye gurbin mun, ita ce sigar da malaman nahawun Hausa suke kira umurtau. A rubutun boko takan ɓuya in mutum ɗaya ne namiji, tunda Audu ya zo da ina so Audu ya zo harufa ɗaya ne, amma ku da kuke ji da kunne yanzu kun ji bambancin: ta farko doguwa ce, murya sama, ta biyu gajera ce, murya ƙasa. Kowane ɗayan waɗannan wurare da na lissafa, mutumin Madrid subhuntibo yake sawa a cikinsa: quiero que vengan, ina so su zo, para que vengan, don su zo, antes de que vengan, kafin su zo, que no vengan, kada su zo.

Har a addu'a da fatan alheri, inda harshe ya fi nuna tarbiyyar masu shi, hanyar ɗaya ce. Mu mukan ce Allah ya kiyaye hanya, su sukan ce que te vaya bien, ya tafi maka da kyau. Mu mukan ce Allah ya ba mu alheri in za a kwanta, su sukan ce que descanses, ka huta. Mu mukan ce Allah ya jiƙansa, su sukan ce que en paz descanse, ya huta cikin aminci. Kuma inda bafade yake cewa ran sarki ya daɗe, talakan Sifaniya viva el rey yake cewa, da wannan viva ɗin da muka gani ɗazu. Ni a ganina daga nan ya kamata kowane malami ya fara wa Bahaushe wannan babi, a darasi na farko ma, tun kafin a ambaci sunan sigar, domin wanda ya saba yi wa mutane fatan alheri da harshe ya riga ya riƙe sigar a bakinsa, sauran bayani ne.

Ɗaliban zaure kuwa sun riga sun gane inda na dosa. Fi'ili mudari'i a Larabci marfu'i ne muddin babu abin da ya shigo masa, yaktubu. In an, ko lan, ko izan, ko kai ta gabace shi sai ya zama mansubi, an yaktuba. In lam ce, ko la ta hani, sai ya zama majzumi. Turawan da suka rubuta nahawun Larabci da harsunansu, da suka zo kan mansubi, sunan nan na subhuntibo suka ba shi, domin sun ga uridu an yaktuba da quiero que escriba gini ɗaya ne: fi'ilin nufi, sai harafi mai haɗawa, sai fi'ili na biyu ya canja wasalin ƙarshensa. Abin sha'awa ne a tuna cewa mai Alfiyya, Ibn Malik, wanda baitocinsa dubu suke bakin malamanmu daga Sakkwato har Barno, haifaffen Jayyan ne a Andalus, wajen shekara ta 1204, garin da yau ake kira Jaén, inda ake noman zaitun, kafin ya yi hijira gabas ya rasu a Dimashƙa a 1274. Amma kada wannan ya sa wani ya zaci Sifaniyanci daga Larabci ya ari sigar. Daga Latin ya gaje ta, kamar yadda Faransanci da Italiyanci da harshen Fotugal suka gada. Kamar da ke tsakani ta hankalin ɗan Adam ce, wanda a ko'ina yake bukatar ya rarrabe abin da ya auku da abin da ake so ya auku.

Sai dai nahawu kaɗai ba zai kai mu ƙarshen tafiyar ba, dole mu leƙa balaga, mu ɗauko rabon nan da duk wanda ya karanta Jauharul Maknuni na Ahdari ko Uƙudul Jumani na Suyuɗi ya sani, wato rabon zance zuwa habari da insha'i. Habari shi ne zancen da yake ɗaukar gaskiya ko ƙarya. Insha'i shi ne wanda ba ya ɗauka, kamar umurni da hani da buri da kira. Mai amfani da indikatibo kamar mai shaida ne a gaban alƙali, ya ɗaga hannu ya ce na gani, na ji, haka abin yake, a kama ni in ba haka ba ne. Mai amfani da subhuntibo kuwa ya ambaci lamarin, ya ajiye shi a gaban majalisa, amma bai ɗora shaidarsa a kai ba. Wannan shi ne asalin babin, kuma wasu masana biyu a Amurka, Tracy Terrell da Joan Hooper, a kansa suka gina wata maƙala da suka buga a 1974, wadda har yau ake komawa gare ta, inda suka nuna cewa abin da ke raba sigogin biyu shi ne ko mai magana yana tabbatar da zancen ko ba ya tabbatarwa.

Ku ji yadda wannan asali yake aiki a inda kalmomi duka ɗaya ne, sigar fi'ili ce ta bambanta. Dice que viene, ya ce yana zuwa: labari ne aka isar. Dice que venga, ya ce ya zo: umurni ne aka isar. Ɗan aiken da ya gauraya waɗannan biyu zai bar maigida zaune yana jiran baƙo, alhali shi ake jira. Haka nan busco a un médico que habla árabe, ina neman wani likita mai jin Larabci, wato akwai shi, na san shi, ɓace mini ya yi. Amma busco un médico que hable árabe, ina neman likita wanda zai kasance yana jin Larabci, ko wane ne, in ma akwai shi. A ta farko likitan ma'arifa ne a zuciyar mai magana ko da lafazinsa nakira ne, a ta biyu kuwa sifa ce kawai ake nema wadda ba a san wanda zai cika ta ba. Haka nan aunque llueve, salgo, ko da yake ana ruwa, zan fita, ga ruwan yana zuba ina ba ka labarinsa. Aunque llueva, salgo, ko da za a yi ruwa, zan fita, a yi ko kada a yi, bai dame ni ba. Kuma creo que viene, ina jin yana zuwa, indikatibo ne, duk da cewa zato ne ba yaƙini ba, domin mai zato ya jingina da zatonsa. No creo que venga, ba na jin zai zo, subhuntibo ne, domin ya janye hannunsa. Wane jerin kalmomi ne zai koya wa ɗalibi wannan, alhali kalmar da ta gabata ɗaya ce a jumlolin biyu?

Yanzu ga wurin da nake so ku ba ni kunnuwanku duka biyu, domin nan ne ƙa'idar littattafan makaranta take karyewa. An saba gaya wa ɗalibi cewa subhuntibo sigar shakka ce, sigar abin da bai tabbata ba. Sai ga shi ya sauka gidan abokinsa a Sebiya, abokin ya rungume shi ya ce me alegro de que estés aquí, na yi murna da kana nan, da estés ta subhuntibo, alhali ga shi tsaye a gabansa, babu wata shakka a kan zuwansa. Haka in an yi rashi sukan ce siento que haya muerto, na yi baƙin ciki da ya rasu, kuma babu abin da ya kai mutuwa tabbata. Har jumlar da ke farawa da el hecho de que, wato kasancewar kaza gaskiya ne, galibi subhuntibo ke bin ta. Ɗalibin da aka reno da ƙa'idar shakka a nan yake jefar da littafi. Ɗalibin balaga kuwa zai tuna cewa malamai sun ce manufar habari ita ce fa'ida, wato a sanar da mai sauraro abin da bai sani ba, kuma in ya riga ya sani, to, fa'idar ta faɗi, sai dai wata manufa ta daban. Wanda ya ce maka ya yi murna da kana nan ba labarin zuwanka yake ba ka ba, ai kai ka kawo kanka. Labarin da yake ba ka na murnarsa ne, don haka murnar ta ɗauki indikatibo, zuwan kuma, tunda sananne ne a tsakaninku, aka ajiye shi a subhuntibo. Ashe sigar tana ɗaukar abu biyu da ake gani kamar kishiyoyi ne, abin da bai kai a yi shaida a kansa ba, da abin da ya wuce bukatar shaida.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai inda asalin nan ma yake bukatar a haɗa shi da ji daga bakin masu harshe, abin da malaman lugga suke kira sama'i. Tambaya insha'i ce a balaga, amma da indikatibo ake yin ta a Sifaniyanci. Mafi ban mamaki kuma shi ne sha'anin cuando da si. Malaman Larabci sun ce iza ana kawo ta ne ga abin da aka tabbata zai auku, in kuwa ga abin da ake kokwanto. To, cuando ita ce takwarar iza, si ita ce takwarar in, amma sai ga cuando venga, sa'ad da ya zo, da subhuntibo, ga kuma si viene, in ya zo, da indikatibo, kuma duk wanda ya ce si venga ya yi lahani a daidaitaccen harshe. Wato wanda aka tabbata shi ya ɗauki sigar da ake cewa ta shakka, wanda ake shakka kuma ya ɗauki sigar tabbaci. Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne, si ita kanta ta riga ta ɗauke nauyin sharaɗi, ba ta bukatar fi'ili ya taya ta, alhali cuando tana aiki a jiya da yau da gobe, don haka sai fi'ili ya nuna wanne ake nufi: cuando viene, duk lokacin da yakan zo, al'ada ce da aka gani, cuando venga, lokacin da zai zo, gobe ce, gobe kuwa ba wanda ya gan ta. Ko fitowar rana ce, wadda ba mai musun ta, cuando salga el sol suke cewa. Musulmin da aka hore shi tun yana yaro da kada ya yanke magana a kan gobe ba tare da ya ce in Allah ya so ba, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Wannan ya kawo mu ga ojalá, kalmar da makarantar harshe ta Madrid, Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713, ta mayar da asalinta ga Larabcin Andalus, lau sha'a Allah. Ɗaya ce daga kalmomi sama da 4,000, in an haɗa da rassansu da sunayen wurare, waɗanda masanin tarihin harshen, Rafael Lapesa, ya ƙiyasta cewa sun shigo daga Larabci a zamanin mulkin Musulmi a can daga 711 zuwa 1492. Abin da ya shafi darasinmu shi ne, ba a taɓa bin ta da indikatibo, kuma tana rarrabe abin da Larabci ya rarrabe da la'alla da laita. Ojalá venga tarajji ne, fatan abin da ake sa ran samu, Allah ya sa ya zo. Ojalá viniera tamanni ne, burin abin da ya yi nisa, ina ma ya zo. Ojalá hubiera venido kuwa nadama ce a kan abin da ya riga ya kuɓuce, ina ma da ya zo. Wannan viniera ita ce subhuntibo ta shuɗaɗɗen lokaci, kuma ita ce ke aikin lau ta Larabci da da ta Hausa: si viniera, lo vería, da zai zo, da na gan shi. Da ita kuma ake tausasa roƙo, ta yadda mai ladabi a kanti ba ya cewa quiero, ina so, sai ya ce quisiera, da ma a ce zan samu.

Su kansu malaman nahawun Sifaniyanci sun daɗe suna jayayya a kan wannan babi. Antonio de Nebrija, wanda ya buga nahawun farko na harshen a Salamanka a 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, kuma shekarar da Kolumbus ya ƙetare teku, sigogi biyar ya ƙirga bisa tsarin Latin, ya ware sigar buri daban da subhuntibo, alhali surorinsu ɗaya ne. Sai Andrés Bello, haifaffen Karakas, wanda ya wallafa nasa nahawun a Santiyago ta ƙasar Cile a 1847 don mutanen Amurka ta Kudu, ya zo da wata ma'ana da za ta sa almajirin Ajurumiyya murmushin ganewa, inda ya ɗauki sigar fi'ili a matsayin canjin da ke aukuwa saboda tasirin wata kalma da fi'ilin yake ƙarƙashinta, ko wadda zai yiwu ya kasance ƙarƙashinta. Wannan ai ita ce mas'alar amili, zahiri ko muƙaddari: in mutum ya ce que descanses, akwai ina fata a ɓoye, ana ƙaddara ta. Ra'ayin Bello yana da ƙarfi, kuma yana warware rabin babin, wato wuraren da sigar ta zama tilas. Sauran rabin, inda mai magana yake da zaɓi, sai ma'ana ta yi hukunci.

Akwai wasu abubuwa biyu da zan ratsa da sauri. Na farko, subhuntibo ta shuɗaɗɗen lokaci sura biyu gare ta, viniera da viniese, kowace daga wata siga ta Latin daban, ma'anarsu kusan ɗaya. Mai ra ta rinjaya a magana ko'ina, musamman a Amurka ta Kudu, mai se kuma ta fi zama a rubutu da bakin wasu mutanen Sifaniya. Ɗalibi ya riƙe ta farko, ya gane ta biyu in ya gamu da ita. Na biyu, akwai subhuntibo ta lokaci mai zuwa, viniere, fuere, wadda ta mutu a bakin jama'a, ta rage a karin magana da harshen shari'a, har kundin hukunta laifuffuka na Sifaniya na 1995 yana amfani da matare a kan wanda duk zai kashe wani, domin doka tana magana ne a kan mai laifin da bai riga ya bayyana ba. A harshen Fotugal da Burazil wannan siga tana nan da ranta, yara ma suna faɗinta.

Harshe kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. A yankin Bask da arewacin Kastila za ka ji si tendría a inda littafi ya ce si tuviera. A Peru da Bolibiya da Ajantina za ka ji quería que venga a inda mutumin Madrid zai ce quería que viniera. Abin da ya fi jan hankalina shi ne binciken da Carmen Silva-Corvalán ta buga a 1994 a kan zuriyar mutanen Meksiko a birnin Los Anjalis, inda ta bi harshen daga waɗanda suka yi hijira zuwa ƴaƴansu da jikokinsu da suka tashi cikin Ingilishi, ta ga sigar tana raguwa daga tsara zuwa tsara, kuma ba a ko'ina take fara zubewa ba: wuraren zaɓi ne suke fara tafiya, irin su aunque da jumlar likitan nan, wuraren tilas kuwa, kamar bayan quiero que da para que, su ne suke jurewa. Abin da yake fara ɓacewa ke nan shi ne mafi laushin ma'ana, ikon mutum ya nuna da wasali ɗaya ko yana tsaye a kan maganarsa ko ambato kawai ya yi. Wannan ya isa ya sa iyayen da ke renon ƴaƴa a ƙasar wani harshe su yi tunani, ko Sifaniyanci ne harshen gidan ko Hausa.

Saura in yi wa ɗalibanmu gargaɗi a kan wuraren da harsunan da suka riga suka sani za su yaudare su, domin kusanci ma yana da nasa tarko. Ƴan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi da suka yi karatu da Faransanci sun san sigar, amma Faransanci yana bin quand da lokaci mai zuwa, quand il viendra, don haka harshensu zai ja su su ce cuando vendrá, wanda a Sifaniyanci tambaya ce kawai, yaushe zai zo. Kuma fi'ilin fata, wanda a Faransanci yake ɗaukar indikatibo, a nan subhuntibo yake ɗauka, espero que venga. Ita Hausa kuma a wuri biyu take barin mu ba jagora, domin muna cewa sa'ad da ya zo, muna cewa na ji daɗi da ka zo, duka da shuɗaɗɗen lokaci, a inda su suke sa subhuntibo. Waɗannan sai an yi ta maimaitawa har kunne ya saba.

Tarko mafi girma kuwa Hausa da Larabci ne suka haɗu suka ɗana shi. Mu muna cewa ina so in tafi, kamar yadda muke cewa ina so ka tafi, gini ɗaya. Balarabe ma uridu an azhaba yake cewa. Sifaniyanci bai yarda da haka ba: in mai so da mai aikatawa mutum ɗaya ne, masdari ake sawa, quiero ir, kamar a ce ina son tafiya, sai in mutum biyu ne ake kawo que da subhuntibo, quiero que vayas, ina so ka tafi. Kuma da yake vaya sura ɗaya ce ga mai magana, da wanda ba ya nan, da wanda ake girmamawa da usted, Bahaushen da ya tsaya gaban mai sayar da tikiti a tashar Atocha ta Madrid, ya bi ginin Hausa ya ce quiero que vaya a Córdoba, yana nufin shi ne zai tafi, abin da ma'aikacin zai ji shi ne ana umurtarsa ya tashi daga kujerarsa ya tafi Ƙurɗuba. Abin da ya kamata ya ce shi ne quiero ir a Córdoba, ko kuma, in yana son ya ƙara ladabi, quisiera ir a Córdoba.